Labarin Masu Zanen Superman, da Kira ga Malamai

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni fili in yi magana a kan wata sana'a da jama'armu ba su ɗauke ta a bakin kome ba, watau zanen littattafan labari masu hotuna. Dattawanmu dai ba su manta da mujallar African Film ba, da jaruminta Lance Spearman, wadda samari suka riƙa wawa wajen 1970.

Wannan sana'a a Amurka ta yi ƙarfi, kuma wasu samari biyu na birnin Cleveland suna cikin waɗanda suka kafa ta. Jerry Siegel shi ke tsara labari, Joe Shuster shi ke zane. Su ne suka ƙago Superman. Shekaru suka yi suna yawo da shi ba mai saye, sai a 1938 kamfanin Detective Comics ya karɓi shafi 13, ya ba su dala 130, suka sa hannu a takarda cewa sun sallama shi ɗungurungum. Ba a jima ba littafin ya game ƙasa, kuɗi suka yi ta kwarara aljihun kamfani, su kuwa ladan shafi ake biyansu kamar 'yan ƙodago.

A 1947 suka kai ƙara, shari'a ba ta mayar musu da Superman ba, aka sallame su daga aiki, aka kuma shafe sunayensu daga littafin. Shuster idonsa ya raunana, har ya koma ɗan aike mai kai kaya. Siegel ya ƙare a akawu mai ƙaramin albashi. Sai a 1975, da abokan sana'arsu suka yi ta kururuwa a jaridu, sa'an nan aka yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara, aka mayar da sunayen. Shuster ya rasu a 1992, Siegel a 1996. Abin mamaki, cakin nan da dala 130 ɗin ke cikinsa an yi gwanjonsa a 2012, ya tashi dala 160,000!

Mu mutanen Haɗejiya wannan ciniki ba baƙo ba ne gare mu. Masunci ya kwana cikin ruwa, dillali ya tare shi a gaɓa ya saye kifin da arha, riba kuwa sai a Kano. Amma shi masunci gobe ya sake jefa taru. Wanda ya sayar da abin da ya ƙago, ya sayar da kifin ne har da kogin.

Saboda haka ina kira ga malaman makaranta. Yaron da kuka ga yana zane a bayan littafi, kada ku tsaya ga tsawa. Ku ƙarfafa shi, kuma ran da wani ya zo sayen aikinsa, ku zauna ku karanta masa takardar sharaɗi layi layi kafin ya sa hannu, ku tabbatar an rubuta sunansa, da rabonsa in an sake bugawa.

Haza wasalam.

Wani Malami,
Haɗejiya.