Gidajen Birnin Damagaram da Kalmomin da Aka Gina Su da Su

Matafiyin da ya taso daga Magariya ko Dungas ya nufi arewa zuwa Damagaram zai tarar da tsohuwar unguwar Birni, inda fadar Sarki take. A can ne baƙi ke tsayawa suna ɗaukar hoton gidajen ƙasa masu zane a fuska da ƙahonni a saman soro. Garin ne hedikwatar Nijar har 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da mulki Yamai, kuma tun 2006 unguwar da fadar suna cikin jerin wuraren da ƙasar ta gabatar wa UNESCO. Baƙo launi yake gani ya wuce. Ɗalibin harshe kuwa sunayen sassan ginin ya kamata su tsayar da shi, domin da yawansu aro ne daga wani fagen rayuwa.

Abin da ke tsaye a kusurwar soro sunansa zanko, jam'insa zankwaye. Asalin kalmar tukkun zakara ne da gashin da ake bari a tsakar kai. Magini ya dubi gida kamar mai kai, ya yi masa aski.

Bakan gizo ya fi wannan nisan tafiya. Da fari baka ce ta harbi, aka jingina ta ga Gizo na tatsuniya, sai ta zama sunan lanƙwasar launuka da ke fitowa a sama bayan ruwa. Daga sama kalmar ta sauko cikin zaure, ta zama sunan lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, wanda ake ɗaurawa da azarar giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba. Hawa uku ke nan na faɗaɗa ma'ana a cikin harɗaɗɗen suna guda. Idan bakunan suka gitta juna a tsakiyar rufi, sai a ce ɗaurin guga, wato an tuna yadda ake ɗaure bakin gugar rijiya. Wanda bai taɓa jan ruwa ba zai iya haddace sunan, amma hoton da ke cikinsa ya kuɓuce masa.

Akwai kuma sunayen kayan aikin sana'ar: makuba, da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa a shafe bango don kada ruwa ya ci shi, da katsi, wato dattin da ke kwanta a ramin marina. Waɗannan su ne cikin haɗari, domin gidan bulo da siminti ba ya bukatarsu.

Sabon rufi ma ya zo da nasa suna. A Kano kwano ake ce masa, an faɗaɗa sunan kwanon abinci, a Nijar kuma ana jin tol, aro daga Faransanci. Kasuwannin Magariya da Dungas, da suke dab da iyaka, wuri ne da ya dace a saurari wanne magina suka fi faɗa.