Ran 15 ga Maris da Ire-irenta: Haɗuwar Ranaku a Tarihin Nijeriya

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihi ya san yadda ɗalibai kan yi zumbur idan aka gaya musu manyan al'amura biyu sun faɗo rana ɗaya ga wata. Nan da nan sai wani ya ce ai ranar ce mai nauyi, wani kuma ya ce ishara ce. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa irin wannan haɗuwa ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda mutane suka shirya da gangan, akwai wadda ta zo da katari, kuma tilas mai nazari ya rarrabe su kafin ya ɗora musu wata ma'ana.

Babu misalin da ya kai na ran 15 ga Maris. A wannan rana, cikin 1903, rundunar Turawan Ingila a ƙarƙashin Janar Kemball da Kanar Morland ta kara da mayaƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya a filin Giginya, a bayan ganuwar Sakkwato. Kano ta riga ta faɗi tun ran 3 ga Fabrairu, lokacin da Sarki Alu ba ya gari. Attahiru kuwa bai fi wata biyar bisa gado ba. Faɗan bai daɗe ba, don takobi da mashi ba su da abin yi gaban igwa da bindiga mai ruwa, amma wasu jama'a sun tsaya a gindin tuta har aka ƙare su. Sarkin Musulmi ya fice ya nufi gabas, Waziri Buhari ya zauna da sauran mutanen gari, kuma ran 21 ga watan Lugga ya tabbatar da Attahiru na Biyu. Na Ɗaya ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da masu hijira har ƙasar Sudan, inda garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu ke amsa sunansa har yau.

To, a daidai ranar da ake wannan gumurzu a Giginya aka haifi wani yaro a Dange, cikin zuriyar Shehu, aka raɗa masa suna Abubakar. Shi ne ya zama Sarkin Musulmi a 1938, ya kuma shekara 50 bisa karaga har rasuwarsa a 1988. Wannan kam ba shirin kowa ba ne. Sai dai ya kamata a lura da dalilin da ya sa aka riƙe ranar haihuwar tasa daram, alhali sa'o'insa da yawa ko shekarar haihuwarsu sai an yi kirdado. Bahaushe na wancan zamani ba ya ɗaure haihuwa da lamba, da wani babban al'amari yake ɗaure ta: shekarar zuwan Nasara, shekarar Satiru, shekarar yunwar Kakalaba. Wanda aka haifa ranar da Sakkwato ta faɗi ba za a manta da ranarsa ba.

Bayan shekara 56, ran 15 ga Maris 1959, Jihar Arewa ta karɓi mulkin kai na cikin gida. Gwamna Sir Gawain Bell ya bar shugabancin majalisar zartarwa a hannun Firimiya, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Gabas da Yamma sun karɓi nasu tun cikin Agusta 1957, Arewa ce ta ce ba ta gaggawa. Da lokaci ya yi kuwa, ba a bar ranar ga katari ba, zaɓenta aka yi. Sardauna tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ya kuma san abin da ranar ke nufi a gidansu: ranar da aka karɓe mulki, ita ce ranar da za a mayar da shi. A ganina wannan shi ne jawabi mafi ƙarfi da aka yi a bikin, ko da yake ba da baki aka yi shi ba. Kuma wanda ke kan gadon Shehu ran nan shi ne jaririn nan na Dange, yana cika shekara 56 cif.

Akwai wani ƙarin abu da zai ba mai karatu sha'awa. Ranakun biyu duk Lahadi ne. Kada a ɗauka wannan ma wata ishara ce. Lissafi ne kawai. A kalandar Miladiyya, tsakanin 1901 da 2099, ranakun mako kan komo daidai kan ranakun wata duk bayan shekara 28, kuma 56 ninkin 28 ne.

Amma fa duk wannan haɗuwa a kalandar Bature take. Mutanen da suka tsaya a Giginya ba su san wani wata wai shi Maris ba. A wurinsu tsakiyar Zulhajji ne na 1320, kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla. Ran 15 ga Maris 1959 kuwa ta faɗo ne a farkon watan Azumi na 1378, shi ya sa aka jinkirta manyan shagulgulan, har da hawan daba na Kaduna, sai cikin Mayu, lokacin da Duke na Gloucester ya zo a madadin Sarauniya. Ke nan ranar da aka zaɓa don ta dace da tarihin Daular Usmaniyya, a lissafin ita daular ba ta dace ba, wata uku ne ma tsakani. Dalili kuwa shi ne shekarar Hijiriyya kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kamar kwana 11, ba kuma ta komowa kusa da inda ta tashi sai bayan shekara 33 ko makamancin haka. Masu son ƙawata zance kan ƙara da cewa ai ran 15 ga Maris ne aka kashe Yuliyas Kaisar a Rum, shekara 44 kafin Miladiyya. Gaskiya ne, amma da wata kalanda aka ƙirga ta, tun kafin gyaran da Paparoma Giregori ya yi a 1582 inda aka tsallake kwana 10.

Sauran misalan namu na zamanin soja ne. Ran 15 ga Janairu 1966, cikin watan Azumi, aka yi juyin mulkin da ya ci rayukan Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Yamma Akintola da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Ran 15 ga Janairu 1970 kuma Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan a Ikko. Wutar da aka kunna a rana ɗaya, a irinta aka kashe ta bayan shekara huɗu, kuma daga baya hukuma ta mai da tunawa da 'yan mazan jiya zuwa wannan rana, maimakon 11 ga Nuwamba da aka gada daga Ingila. Haka nan 29 ga Yuli: a 1966 aka kashe Janar Ironsi da Kanar Fajuyi a Badun, abin da ya kai Gowon ga mulki, a 1975 kuwa, yana Kampala wurin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Kanar Joseph Garba ya sanar a rediyo cewa an tuɓe shi, Murtala Muhammad ya hau.

Game da zallar katari, sai a tuna kwanakin shekara 365 ne kacal, al'amuran tarihi kuwa ba su ƙirguwa. Masana lissafi sun nuna cewa in aka tara mutum 23 a ɗaki, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi. Don haka ba abin mamaki ba ne a ce ran 3 ga Fabrairu da Kano ta faɗi a 1903, ita ce ranar da Murtala, ɗan Kano, ya sanar da jihohi 19 da mayar da babban birni Abuja a 1976.

Wanda zai juya kwanan wata daga rubuce-rubucen malaman Sakkwato zuwa Miladiyya ya yi hattara da abu biyu. Watanmu da gani yake tsayawa, ba da jadawali ba, kuma ranarmu daga faɗuwar rana take farawa, har daren Juma'a ya zama abin da Bature zai kira daren Alhamis. Saɓanin kwana ɗaya ko biyu kan shigo ta nan. Abin da ke raba gardama shi ne ranar mako, domin malamanmu kan ambace ta, kuma jama'ar da ke kiran 'ya'yanta Ɗanladi da Asabe da Ɗanjuma ba ta cika kuskuren ranar mako ba.