Ingilishin baƙo da mai masauki

A Nijar, yara suna fara koyon Ingilishi tun ajin farko na kwaleji. Cikin darussan akwai kalmomin hutu da masauki. Mushe yakan rubuta su bisa allo: "holiday" hutu ke nan, "room" ɗaki, "bed" gado, "night" dare. Sai yara biyu su tashi, guda baƙo, guda mai otal, su yi cinikin ɗaki.

Darasin yana da amfani, don Gana da Nijeriya da Ingilishi suke aikin hukuma. Ɗan cin rani da ya sauka Ankara ko Legas, in bai san "how much" ba, wato nawa ne, ana iya tsawwala masa kuɗin kwana. In ɗansa ya riƙe kalmomin nan, ya samu tafinta a gida.