Jinin Jariri Rabin Ledar Ruwa Ne: Ƙa'idojin Ƙarin Jini a Ɗakin Tiyata

Ledar ruwan sha da ake sayarwa a bakin titi rabin lita take ɗauka. Jariri sabon haihuwa mai nauyin kilo 3, duk jinin jikinsa bai wuce rabin wannan leda ba, wato kimanin mililita 250. Bakwaini mai kilo 1 kuwa, nasa bai wuce mililita 100 ba. Saboda haka jini cikin babban cokali biyu, wanda in daga jikin magidanci ya zuba ko a jikinsa, ga jariri ya haura kashi ɗaya cikin goma na abin da yake rayuwa da shi.

Ga shi kuma wasu jariran ba makawa sai an yi musu aiki tun ba a yi arba'in ba. Wani an haife shi hanjinsa a toshe, wani ba mafitar bahaya, wani da lahani a zuciya. A irin wannan tiyata ƙarin jini kan ceci rai. Sai dai likitoci sun daɗe da gane cewa jinin da ya dace da babba yana iya zame wa jariri guba idan ba a bi ƙa'ida ba.

Matsala ta farko daga firji take farawa. Ana ajiye jajayen ƙwayoyin jini a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 6, har kwana 35 ko 42, gwargwadon ruwan maganin da ke cikin ledar. Kullum jinin ya kwana, sinadarin fotasiyam yana tsattsafowa daga cikin ƙwayoyin yana taruwa. Jikin babba zai shanye shi ba tare da wata illa ba. Amma idan aka ɗura wa jariri tsohon jini mai yawa cikin gaggawa, fotasiyam ɗin yana iya tsayar da zuciyarsa nan take. Shi ya sa ƙa'idar Birtaniya ta tanadi jinin da bai wuce kwana biyar ba ga jaririn da za a ƙara wa jini mai yawa. Idan kaɗan ne ake sawa a hankali, wani bincike da aka wallafa daga Kanada a 2012 ya nuna sabo bai fi na ajiya ba.

Akwai kuma sinadarin sitiret da ake zubawa a leda don kada jini ya daskare. Yana kama kalsiyam ɗin jiki, hantar jariri kuma ba ta yi ƙwarin da za ta kawar da shi da wuri ba. Sanyin jinin ma kansa abin tsoro ne, domin jaririn da jikinsa ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata, sai zubar ta ƙaru. Don haka ake ɗumama jini da na'urar da aka yi domin hakan, ana auna shi da mililita, yawanci 10 zuwa 20 ga kowane kilo na nauyin yaro, likitan sa barci kuma yana sa ido kan fotasiyam da kalsiyam har a gama aiki.

Matsala ta biyu ta fi taɓa mu. A asibitocinmu, da an ce ana neman jini, uba ne ko kawu ke fara miƙa hannu. Naka sai naka, haka muka saba. Amma a sha'anin jariri, jinin ɗan'uwa na kusa ya fi na bare haɗari ta wata fuskar. A cikin jinin mai bayarwa akwai fararen ƙwayoyi, sojojin garkuwar jiki. Idan na bare ne, jikin mai karɓa yakan gane su baƙi ne ya kashe su. Idan na dangi ne, kamannin gado kan sa ya ƙyale su, su kuwa su zauna su hayayyafa, su auka wa fatar yaron da hantarsa da hanjinsa da ɓargonsa. Cutar ba ta cika faruwa ba, amma in ta faru fiye da tara cikin goma ba sa tashi. Rigakafinta shi ne a haska jinin da wata na'ura ta musamman kafin a sa, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Hasken ma yana ƙara tsattsafowar fotasiyam, don haka jinin da aka haska ba a barin sa ya wuce awa 24 idan mai yawa za a sa.

Iyaye da yawa kan yi mamaki idan aka ɗebi jinin mai jego alhali jariri ne marar lafiya. Dalili shi ne, a wata huɗun farko, kusan duk garkuwar da ke yawo a jinin yaro daga uwarsa ta ratso tun yana ciki. Wannan garkuwa tana iya farfasa jinin da aka ƙara masa, musamman na uba, tunda rabin gadon yaron daga gare shi ne, kuma mai yiwuwa jikin uwar ya riga ya yi shirin yaƙar sa. Bayan Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a birnin Biyana a 1901 ne daga baya aka fara gwada dacewa kafin ƙari, amma a nan gwajin ya haɗa da uwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane jini sai an tantance shi daga ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, shi ma yana bi ta jini. Haka kuma ana guje wa jinin mai ɗauke da gadon sikila idan ƙari mai yawa za a yi. Wata dabara mai kyau ita ce a raba leda ɗaya gida-gida a ƙananan ledoji, a keɓe wa jariri guda, ta yadda ko sau huɗu ya buƙata, jinin mutum ɗaya ne ya shiga jikinsa.

Kuskure mafi sauƙin aukuwa kuwa bai da alaƙa da sinadari. Jaririnmu ba ya da suna sai ranar bakwai, a asibiti sai dai a rubuta "jaririn wance". A ɗaki ɗaya ana iya samun Fatima uku, ga kuma tagwaye. Lambar asibiti da ke ɗaure a hannu ko ƙafar yaro ita ce sunansa, kuma dole ma'aikaci ya gwada ta da wadda ke jikin leda a bakin gado. Kada mai jinya ta cire ta don wanka.

Da can ana ganin gara a ƙara jini da wuri. Bincike ya sauya wannan tunani. A 2018 aka wallafa sakamakon gwaji kan bakwaini 660 a Birtaniya da Ailan da Holan. Waɗanda aka yi saurin ƙara wa ƙwayoyin daskarar da jini, kashi 26 cikin ɗari sun rasu ko sun yi mummunar zubar jini, waɗanda aka jinkirta wa kuwa kashi 19. A 2020 wasu manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Turai, suka nuna yawan ƙara jajayen ƙwayoyi bai rage mutuwa ko naƙasa ba. Jini magani ne, yana da awo, kuma a garin neman gira ana iya rasa ido.

Abin da ya fi shi ne a tattala jinin da yaro ya zo da shi. Jinkirta yanke cibiya da minti ɗaya zuwa uku yana ba jariri ƙarin jini daga mabiyiya, kyauta. Allurar bitamin K ranar haihuwa tana hana zubar jini. Ɗibar ɗigo kaɗan don gwaji maimakon cika sirinji tana da muhimmanci, domin yawan gwaji kaɗai kan ƙarar da jinin bakwaini.

Sauran aikin na jama'ar gari ne. Jinin da ya fi aminci shi ne na mai lafiyar da ya saba bayarwa don Allah, ba don kuɗi ba, wanda aka tantance a natse tun kafin buƙata ta taso. Uban da aka ce kada ya ba ɗansa jini, ya bayar a ajiye wa ɗan wani. Nasa ɗan ma da jinin wani bawan Allah da bai taɓa gani ba za a fito da shi daga tiyata.