Ta Wace Ƙofa Ken Lay Ya Sayar?

A kasuwar hannun jari ta Amurka akwai masu sa ido a kan shugabannin kamfanoni. In shugaba ya sayi hannun jarin kamfaninsa su saya, in ya fara sayarwa su ma su yi ta kansu. Hujjarsu ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma doka ta wajabta wa shugabannin sanar da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar, cinikinsu.

A watan Satumbar 2001 hannun jarin Enron, kamfanin makamashi na birnin Houston, yana ta faɗuwa daga dala 90 da ya kai a 2000. Shugabansa Ken Lay ya ce wa ma'aikata araha ce ta samu, shi ma ya ƙara saye. Wanda ya duba takardun hukumar a lokacin zai ga alamar gaskiya a maganar. Ranar 2 ga Disamba kamfanin ya durƙushe, kuɗin fanshon dubban ma'aikata ya salwanta.

Sai a Fabrairun 2002 aka gano Lay ya rabu da hannun jari na kusan dala miliyan 70 a shekarar da ta gabata. Ta ina ya bi, alhali ana kallonsa?

Bakin zaren bashi ne. Lay ya jinginar da hannun jarinsa a bankuna ya ci bashi, da farashi ya karye sai bankunan suka matsa masa ya kawo ciko. Enron kuwa yana ba shi rance na musamman. Sai ya karɓi tsabar kuɗi daga kamfanin don cike wa bankunan, ya biya kamfanin da hannun jari, ya sake karɓa, haka ya yi ta yi.

Saura tambaya ɗaya: me ya hana a gani? A dokar wancan zamani, cinikin da aka yi a kasuwa ana sanar da shi kafin 10 ga wata mai zuwa, amma abin da shugaba ya mayar wa kamfaninsa yana iya jira har kwana 45 bayan ƙarshen shekara. Sayen ya fito fili, wannan sayarwar ta kwanta a ɓoye. A ganina nan zaluncin ya fi muni, domin ma'aikatan sun gaskata maganar da rabinta kawai aka faɗa musu.

A 2002 dokar Sarbanes-Oxley ta rage wa'adin zuwa kwana biyu na aiki, SEC kuma ta shigar da cinikin shugaba da kamfaninsa cikin wannan wa'adin.