Kunyar Idon Mutane da Tuba a Gaban Allah

Karatu: Yohanna 8:1-11, Zabura 32

Yau za mu dubi abu uku da mukan haɗa su wuri ɗaya, alhali kuwa kowannensu dabam yake: zunubi, kāshewar lamiri, da kunya. Zunubi shi ne ƙetare umurnin Allah. Kāshewar lamiri ita ce shaidar da zuciyar mutum take ba shi cewa ya yi laifi. Kunya kuwa, sau da yawa, zafin da mukan ji ne sa'ad da mutane suka gane.

A shekara ta 1850 wani marubuci ɗan Amurka, Nathaniel Hawthorne, ya wallafa littafi mai suna The Scarlet Letter, wato Jan Harafi. Labarin ƙage ne, amma ya kafa shi a garin Boston na wajen 1642, zamanin Furitan, wasu Kirista masu tsananin bin doka da suka yi ƙaura daga Ingila. Marubucin ya san halinsu sarai, gama kakan kakansa, John Hathorne, yana cikin alƙalan da suka yi shari'ar waɗanda aka zarga da maita a garin Salem a 1692.

A labarin, wata mace, Hester Prynne, ta haihu ba mijinta a garin. Aka tsai da ita a kan dakali a bainar jama'a da jaririyarta a hannu, aka kuma wajabta mata ɗaura jan harafin A a ƙirjinta duk kwanakin ranta, alamar mazinaciya. Aka matsa mata ta faɗi uban yarinyar, ta ƙi. Cikin masu roƙonta ta faɗa har da faston garin, Arthur Dimmesdale. Ashe shi ne uban! Shekara bakwai yana hawa bagadi yana wa'azi, jama'a suna ɗaukarsa mai tsarki, ciki kuwa yana cinsa. Ya yi azumi, ya hana kansa barci, har bulala ya yi wa kansa a ɓoye, duk da haka bai sami salama ba. Hester kuwa, da ɗinki ta riƙa ciyar da 'yarta, tana taimakon matalauta da marasa lafiya, har mutane suka soma girmama ta. A ƙarshe faston ya hau dakalin nan ya furta laifinsa a gaban kowa, nan take ya mutu.

Kada wani ya ce wannan na Turawa ne. A jiharmu ta Katsina, cikin Maris 2002, kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal ta ƙauyen Kurami hukuncin jifa, domin ta haihu ba aure. Namijin da ta ambata ya yi rantsuwa ya musa, ba kuwa shaidu, aka sallame shi. Sai ran 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta soke hukuncin. Ban kawo wannan domin in nuna wa maƙwabtanmu yatsa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na kawo shi ne domin mu ga cewa ciki yakan tona mace, namiji kuwa ya kaɗe rigarsa ya tafi.

To, mu fa a ikilisiya? Yarinya ta yi ciki, dattawa su zauna, a sanar ran Lahadi cewa an sa ta a ƙarƙashin horo. Ta koma bencin baya, ta fita daga mawaƙa, ba ta cin Jibin Ubangiji. Wanda ya yi mata cikin, wani lokaci yana nan gaba da Littafi a hannu. Dokar Musa a Littafin Firistoci 20:10 ta kama namiji da mace duka. Amma da malaman Attaura da Farisiyawa suka zo wurin Yesu, macen kaɗai suka jawo. A Farawa 38 Yahuza ya ba da umurni a ƙone Tamar, sai ta fito da hatiminsa da sandansa, ya gane cikin nasa ne.

Horon ikilisiya ba laifi ba ne, Littafi Mai Tsarki ne ya koya mana shi. Amma manufarsa maido da mutum ce. Manzo Bulus ya gargaɗi Korantiyawa, a wasiƙarsa ta biyu sura 2, su gafarta wa wanda aka hora, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Idan wa'adin horo ya cika, amma shekara goma bayan haka mata suna raɗa in ta wuce, yara kuma suna kiran ɗanta da mugun suna, to, mun ɗaura mata jan harafi ke nan. Yaron nan me ya yi?

Kai kuma da asirinka yake rufe, saurara. Sarki Dawuda ya ɓoye zunubinsa da Bat-sheba har annabi Natan ya zo masa. A Zabura 32 ya bayyana yadda ƙasusuwansa suka lalace sa'ad da ya yi shiru, da yadda ya sami gafara da ya furta. Azabtar da kai ba ta biyan zunubi. Yesu ya riga ya ɗauki kunyarmu, aka rataye shi a fili a bayan gari. Je ka wurinsa yau, ka kuma je wurin wadda ka bari da kaya ita kaɗai, ka ɗauki rabonka.

Yesu bai ce wa macen nan ba ta yi zunubi ba. Ya ƙi hukunta ta, ya sallame ta da gargaɗi kada ta ƙara.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu tsoronka fiye da tsoron bakin mutane. Ka ba dattawanmu adalci da tausayi. Ka ta da waɗanda suka fāɗi, ka ba masu ɓoyewa ƙarfin furtawa. Cikin sunan Yesu. Amin.