Tef ɗin zafi da tamostat: yadda ake ɗumama akwatunan macizai

Na san wani zai ce, "Mu da muke gudun maciji, wa zai saya masa hita?" To, a Amurka da Turai kiwon macizai sana'a ce, kuma cikin waɗanda suka fi kiwo akwai ɗan yankinmu: wata ƙaramar mesa mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda ake fitarwa daga Ghana, Togo da Benin. Idan ta je ƙasar sanyi, dole a haɗa mata ɗumin gida.

Maciji ba ya samar da zafin jikinsa kamar ni da kai, aro yake yi daga ƙasa da rana. Shi ya sa kake ganin ƙadangare ya baje a kan katanga da safiyar hunturu. Idan sanyi ya yi wa maciji yawa, abin da ya haɗiye ba ya narkewa, sai amai, wani lokaci har ciwon numfashi.

Mai macizai talatin ba zai sa wa kowanne fitila ba. Sai ya haɗa kanta mai hawa-hawa, ya jera akwatunan roba suna shiga suna fita kamar durowa. A kowane hawa, ta can baya, ya shimfiɗa tef ɗin zafi. Wata leda ce siririya mai layukan kabon a ciki, da zirin jan ƙarfe a gefe biyu. Wuta na bi, kabon ɗin ya ɗau zafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasan akwatin kawai yake taɓawa. Wurin ya kai digiri 31 zuwa 32, gaba kuma ya tsaya wajen 26, macijin ya zaɓi inda ya yi masa.

Matsalar ita ce tef ba shi da hankali. Muddin akwai wuta, zafi yake yi, sai an sa masa tamostat. Akwai mai kashewa da kunnawa, wanda ke yanke wuta idan zafi ya kai, ya dawo da ita idan ya sauka. Akwai kuma mai rage ƙarfin wutar a hankali, ya fi tsada amma zafinsa ba ya hawa da sauka sosai.

A nan mutane ke yin asara. Tamostat bai san komai ba sai abin da sensa ta gaya masa. Idan sensar ta ɓalle daga jikin tef tana lilo a iska, sanyi za ta ji, shi kuma ya saki wuta ba tsayawa. Kafin gari ya waye cikin macizai ya ƙone, roba ta narke, gobara ma na iya tashi. Don haka ake manne ta sosai a kan tef ɗin, wasu ma su ƙara tamostat na biyu a bayan na farko. Kuma tunda zafi sama yake tashi, hawan sama yakan fi na ƙasa ɗumi, sai an bi kowane hawa da ma'aunin zafi.

'Yan ilektirikal, ga naku. Idan tef yana cin wat 20 a kowace ƙafa, ƙafa goma wat 200 ke nan, dole tamostat ya iya ɗaukar fiye da haka. Sannan tef ɗin Amurka na bolt 120 ne. Ka jona shi a 230 ɗinmu, zafin da zai fitar ya kusa ninki huɗu. Duba rubutun jikinsa kafin ka sa a soket.

Ko ba za ka taɓa kiwon maciji ba, wannan haɗin shi ne a cikin injin ƙyanƙyasar ƙwan kaji, wanda ke son wajen digiri 37.5. Duk mai shirin yin irinsa a furojet, ya fara tambayar kansa: idan sensa ta faɗi da daddare, me zai yanke wutar?